Ina Iyaka Ta Ke A Cikin Gulbi?

Da zarar ruwa ya ɗauke, gulbi ya fara janyewa, sai manoman ƙasar Isa da Sabon Birni su gangara fadama, kowa ya je ya duba wurinsa. A nan ne a kan shuka albasa, da tattasai, da dankali, da rogo, da alkama, kuma da abin da aka samu a nan ne mai gida ya kan toshe giɓin da damina ta bari. Amma kusan ko wace shekara sai an sami wanda ya je ya tarar gulbi ya cinye masa rabin gona, wani kuwa a ƙetare ya tarar gulbin ya shimfiɗa masa sabuwar laka a bakin tasa. Daga nan sai magana ta tashi. Wannan ya ce ƙasarsa ce ruwa ya kwasa ya kai can, wancan ya ce rabo ne ya zo masa har ƙofa. In ba a yi hankali ba, maƙwabtan da iyayensu suka yi zaman lafiya sai su ƙare a gaban alƙali.

Wannan yanki kuwa yankin gulabe ne. Bunsuru da Gagare a nan su ke haɗuwa. Gulbin Maradi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya bi ta Madarumfa da Maradi da Tsibiri, a wajen Sabon Birni ya ke komowa ya tarar da su. Daga nan Rima ta miƙa zuwa Goronyo da Wurno, har ta haɗu da gulbin Sakkwato. Alkalawa ma, tsohon birnin Gobir da ya faɗi cikin 1808, a bakin wannan ruwa aka kafa shi. Gulaben nan bisa rairayi su ke gudana, gaɓarsu ba ta da dutse, saboda haka ba su zama wuri ɗaya. Da damina su cika su batse, da rani su tsinke, su bar gurabe nan da can.

Iyakar gonar tudu ba ta da wuya. Ga gamba an dasa, ga kunya, ga itace wanda kowa ya sani. Amma gonar da aka ce iyakarta gulbi, ina ne daidai ta tsaya? A gaɓa, ko a bakin ruwa, ko a tsakiya? Wa ke da kifin da ke gurbin da ke gabanta? Wa ke da tsibirin da ya ɓullo bana?

MASU GIRBIN ƘANƘARA

Ba a Gobir kaɗai a ke wannan tambaya ba. Wani wuri da aka yi mata shari'a filla-filla shi ne Amurka, kuma abin mamaki a kan ƙanƙara aka yi. A arewacin ƙasar sanyi ya kan yi tsanani har fuskar kogi ta daskare, ta yi kaurin da doki zai bi ta kai da kaya ba ta fashe ba. Kafin a ƙago firji, mutane su kan shiga da dawaki da zarto su yanka ƙanƙarar nan gunduwa-gunduwa, su jera a manyan rumbuna, su rufe da garin katako don kada ta narke, sa'an nan su sayar da bazara. Girbi su ke ce da wannan aiki, kamar na hatsi. Wani attajirin Boston, Frederic Tudor, ya fara kai ta ƙasashen zafi a jirgin ruwa cikin 1806. Cikin 1833 ya aika da tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya, aka yi wata huɗu a teku, wajen tan 100 ya isa bai narke ba.

Da abin ya zama kuɗi, sai faɗa ya tashi a kan iyaka, gama ba a kafa shinge bisa ruwa. A wani tafki da a ke kira Fresh Pond, kusa da Boston, 'yan kasuwa suka yi ta shiga wa juna, har cikin 1841 aka ɗora wa wani malamin shari'a na Jami'ar Harvard, Simon Greenleaf, raba musu. Aka zana taswirar tafkin, aka ba kowa rabo gwargwadon tsawon gaɓar da ya mallaka. Mai doguwar gaɓa ya sami babban yanki, wanda ba shi da gaɓa bai sami kome ba.

A kan koguna kuwa hukunci bai zo ɗaya ba. Cikin 1881 babbar kotun jihar Illinois ta ce mai ƙasa a bakin kogi ƙasarsa ta kai har tsakiyar kogin, saboda haka ƙanƙarar da ta kwanta bisa rabinsa tasa ce, wanda ya yanka ba da izninsa ba sai ya biya. Shekara ɗaya bayan haka, cikin 1882, kotun jihar Kansas ta ce babban kogin da jirage ke bi, gindinsa na hukuma ne, ƙanƙararsa kuwa ta wanda ya riga kamawa ce. Jihar New York ta bi hanya ta uku a kan kogin Hudson. Ta yi doka cewa mai rumbun ƙanƙara a bakin kogin shi ke da ikon yankan wadda ke gabansa har tsakiya, amma da sharaɗin ya kafa turaka ya nuna iyakar abin da ya ke bukata.

Firji ya kashe wannan sana'a tuntuni. Amma dabaru uku da ta bari suna da amfani ga mai fadama. Na ɗaya, a raba ruwa gwargwadon gaɓa, kowa ya tsaya a tsakiya. Na biyu, babban ruwan da jama'a ke bi ba ya zama na mutum ɗaya. Na uku, hakkin da ba a sa masa alama ba, da wuya a tsare shi.

WACE CE TSAKIYAR?

Faɗin "tsakiya" da baki ba shi da wuya, aunawa ce aiki. Hanya biyu a ke bi. Ko dai a auna daga wannan gaɓa zuwa waccan a raba biyu daidai, ko kuwa a bi inda ruwa ya fi zurfi, watau hanyar da jirgi ke bi. Sau da yawa biyun nan ba su faɗa wuri ɗaya, domin a kwana ruwa ya kan raɓi gaɓa ɗaya ya haƙa ta, ya bar ɗayar da rairayi.

Maƙwabtan Nijeriya biyu sun gwada wannan. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kan tsibiran Kwara a wajen Gaya, musamman tsibirin Lete, inda manoma da makiyaya su ke. Ran 12 ga Yuli, 2005, Kotun Duniya da ke Hague ta yanke cewa a cikin Kwara iyaka ta bi inda ya fi zurfi a hanyar jirage, ta haka Lete ya faɗa wa Nijar. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, Benin ta sami 9. Amma a kan kogin Mekru, wanda jirgi ba ya bi, kotun ta ce a raba biyu daidai.

Gulaben Isa da Sabon Birni irin na biyun ne, tun da ya ke su kan tsinke da rani. Abin da ya fi dacewa da su shi ne awo daga gaɓa zuwa gaɓa, watau gaɓar da ruwa ya saba tsayawa a damina ta kullum, ba inda ambaliya ta kai ba, ba kuma bakin ɗan ruwan da ya rage cikin bazara ba. Akwai kuma wani abu da a kan manta. Iyakar da ke tsakanin maƙwabta biyu na gaɓa ɗaya, in ta iso bakin gulbi a karkace, ba a ci gaba da ita a karkace. Sai a miƙe ta sak zuwa tsakiya, yadda kowa zai sami abin da ke gaban gonarsa, kada wani ya ratsa ta gaban wani.

IN GULBI YA ƘAURA

A nan ne yawancin rigima ta ke. Masana shari'a na ƙasashe da yawa sun raba ƙaurar kogi kashi biyu, rabon kuwa daɗaɗɗe ne, tun zamanin Rumawa.

Kashi na fari shi ne ƙaura a hankali, wadda ido ba ya ganin lokacin da ta ke faruwa. Bana gulbi ya zaizaye taki biyu a yamma, ya ajiye laka taki biyu a gabas, baɗi ma haka. A nan iyaka ta kan bi gulbin. Wanda aka ƙara wa ya samu, wanda aka rage wa ya yi haƙuri, domin babu mai iya nuna cewa wannan laka daga gonarsa ta fito, kuma mai samu yau shi ne mai hasara gobe.

Kashi na biyu shi ne ƙaura farat ɗaya. A kwana gulbi na gabas da gona, ambaliya ta zo cikin dare ta fasa sabuwar hanya, a wayi gari yana yamma da ita. Gonar tana nan da itatuwanta, kowa ya gane ta. A nan iyaka ba ta motsawa, tana nan a tsakiyar tsohuwar hanyar ruwan, ko da ta bushe ƙurmus. Gona ta mai ita ce, sai dai yanzu ya haye ruwa kafin ya je.

Haka ya faru tsakanin jihohi biyu na Amurka. Cikin 1877 kogin Missouri ya fasa wata kwana kusa da birnin Omaha, ya bar wani yanki na jihar Iowa a gefen Nebraska. Cikin 1892 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ce yankin na Iowa ne har wa yau, tun da ƙaurar ta farat ɗaya ce. Garin Carter Lake da ke wurin yana ƙarƙashin Iowa ko da ya ke kogin ya raba su.

In kuwa tun farko ba da ruwa aka ɗaure iyakar ba, da alamu tsayayyu aka ɗaure ta, to, ruwa ya je inda ya ga dama, iyaka ba ta bin sa. Da Tafkin Chadi ya janye, masunta da manoma daga Nijeriya, da Hausawa a cikinsu, suka bi ruwa suka kafa ƙauyuka kamar Darak. Ran 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya ta ce iyakar da Ingila da Faransa suka shata tana nan inda ta ke, ƙauyukan da suka faɗa bayanta na Kamaru ne. Daɗewar zama ba ta sāke ta ba.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

Kada manomi ya ɗauka hukuncin wata ƙasa shi ne hukuncin Isa. Waɗancan misalai ne masu taimako wajen sulhu. A Arewa, tun dokar ƙasa ta 1910, da ta Jihar Arewa ta 1962, har zuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun hukuma ne bisa amana, abin da manomi ya riƙe shi ne hakkin zama da mora. Dokar 1978 ta ba Ƙaramar Hukuma ikon ba da takardar wannan hakki a karkara, har hekta 500 domin noma. Rigimar iyaka kuwa daga mai unguwa ta kan fara, ta je ga dagaci, ta je ga hakimi, in ta gagara ta kai ga alƙali, shi kuwa shaidu zai nema, da al'adar wurin, da wanda aka sani yana noma wurin.

Ruwan kansa yana da tasa doka. Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta sa ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, gulaben nan kuwa sun ratsa Katsina da Zamfara da Sakkwato. Amma dokar ta bar wa kowa ya ɗebi ruwan sha da na shayar da dabbobi kyauta a inda jama'a ke da hanya, ta kuma yarje wa mai gona a bakin ruwa ya yi ban ruwan lambunsa. Ma'anar wannan ita ce, ko an yarda gonar mutum ta kai tsakiyar gulbi, ba shi da ikon toshe mashaya, ko burtali, ko mahayi. Wannan ya yi daidai da abin da malamai su ke karantarwa, cewa mutane sun yi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta.

Wajen ban ruwa kuma, ƙa'idar da ke cikin littattafan Malikiyya ita ce na sama ya fara sha, ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Bai halatta ya datse ya hana ba. Ƙasashe ma haka su ke yi wa juna. Da aka gina madatsar Jibiya a kan ruwan da ke zuwa Maradi kafin ya komo Sabon Birni, abin ya shafi ƙasa biyu. Cikin 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya bisa adalci, Gulbin Maradi kuwa yana cikin huɗun da aka ambata.

KIFI BA YA BIN GONA

Ƙanƙara a wuri ɗaya ta ke kwanciya, shi ya sa aka iya cewa ta mai gaɓa ce. Kifi kuwa yawo ya ke yi, bai san iyaka ba. Saboda haka tun zamanin da Hausawa ba su haɗa shi da gona ba, suka ɗora shi a hannun Sarkin Ruwa. Shi ya san gurbin da ke na gari, shi ke hana shiga har kifi ya girma, shi ke sa ranar su, jama'a su faɗa da homa da gora gaba ɗaya. Bikin Argungu, wanda aka fara cikin 1934 a Matan Fada, a ƙasan wannan ruwa na Rima, wannan al'ada ce aka girmama. Mai lambu a bakin gurbi yana da hakkin kada a tattake masa shuka, amma wannan bai sa kifin ya zama nasa shi kaɗai ba, sai in al'adar garin ta ba shi.

Abu biyu ya kamata 'yan kasuwa su lura da su. Littafin Risala ya hana sayar da kifin da ke cikin kogi ko tafki tun ba a kama ba, domin ba a san yawansa ba, ba a kuma tabbata za a same shi ba. Sa'an nan dokar kamun kifi ta 1992 ta hana zuba guba, da nakiya, da lantarki. Mai zuba magimfa ko maganin ƙwari a gurbi ya kashe manya da 'ya'ya, ya ɓata ruwan shan dabbobi, ya cuci garuruwan da ke ƙasa da shi.

ABIN YI TUN RIGIMA BA TA TASO BA

Wannan magana ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Tun wajen 2019 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Isa da Sabon Birni, dubban mutane suka ƙetara jihar Maradi, wadansu suka koma cikin garuruwa. Fadamar da aka bari shekara uku ko huɗu, gulbi bai tsaya jiran mai ita ba. Dattawan da suka san iyaka kuwa, wadansu sun rasu, wadansu sun warwatse. Ran da aka komo, shaida za a nema.

A nan ya kamata a san hukuncin hauzi. A Malikiyya, wanda ba dangi ba in ya riƙe wuri shekara goma yana mora, mai wurin yana nan yana gani, bai yi magana ba, ba kuwa abin da ya hana shi, to, ƙararsa ba ta karɓuwa bayan haka. Amma wanda ba ya nan, ko tsoro ya hana shi magana, wannan lissafi bai hau kansa ba. Haka kuma aro da haya da jingina ba su zama mallaka don an daɗe. Duk da haka, wanda ya ji an shiga wurinsa ya faɗa wa dagaci gaban shaidu tun da wuri, kada ya yi shiru don kunya.

Ga abin da ya kamata masu fadama su yi, ko wane gari da nasa.

Na ɗaya, maƙwabtan gaɓa biyu su zauna da rani, sa'ad da gindin gulbi ya ke a fili, su yarda a kan abu guda: iyakarsu gulbi za ta bi, ko kuwa tsayayya ce? Su kuma faɗi abin da za a yi in ya ƙaura farat ɗaya, da yadda za a raba tsibiri in ya fito.

Na biyu, a kafa alama a tudu inda ruwa ba ya kai, a ko wane gefe, ko dutse, ko turken siminti, ko babban itace sananne kamar giginya ko kanya. Daga nan a auna da igiya zuwa gaɓa, a rubuta. Alamar da aka sa a bakin ruwa, da ita da babu duk ɗaya ne, damina ɗaya za ta tafi da ita.

Na uku, a rubuta yarjejeniyar da boko ko da ajami, da kwanan wata, da sunayen shaidu, dagaci ya sa hannu. A yi kofe uku, kowa ya riƙe ɗaya, ɗaya ya zauna a ofishin hakimi. Cikin shaidu a sa matasa, kada a tara tsofaffi kaɗai. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki alamun da takardar.

Na huɗu, a fid da mashaya da burtali da mahayi tun kafin a raba sauran, a kira Ardo da Sarkin Ruwa su ga inda aka bari.

Na biyar, a dasa jema ko gamba a gaɓa, a bar itatuwan da ke bakinta. Saiwarsu ita ke riƙe ƙasa. Wanda ya nome har bakin ruwa don ƙarin kunya biyu, shi ya buɗe wa gulbi ƙofa. Kada kuma wani ya yi datsi don ya karkata ruwa ya ci gaɓar maƙwabcinsa, gama ƙasar da aka samu ta haka ba kyautar gulbi ba ce.

Malaman ofis na hakimai da na Ƙaramar Hukuma suna da babban aiki a nan. Littafi guda da aka keɓe domin iyakokin fadama, a na sabunta shi bayan ko wace babbar ambaliya irin ta 2010, zai rage ƙararraki da yawa. Ɗan kasuwa kuma da zai ba da kuɗin jingina ko hayar lambu, ya tambayi iyakar wurin da shaidunta kafin ya ƙirga kuɗi. Awon yini ɗaya da igiya cikin rani ya fi sauƙi bisa shekara guda ta zirga-zirga zuwa kotu, albasa kuwa tana bushewa a lambu.